Shekara Ko Kilomita: Yaushe Ya Kamata a Canza Taimin Bel a Motar Gudu ta Alfarma?

Duk wanda ya kalli fim ɗin The Fast and the Furious na farko, wanda ya fito a 2001, zai tuna wurin da Paul Walker da Vin Diesel suka tsaya a danja cikin Toyota Supra mai ruwan lemo, ga wata baƙar Ferrari F355 a gefensu. Danja na saki, Supra ta bar Ferrari a baya. Har gobe guntun bidiyon yana yawo a TikTok da YouTube, matasa suna musu a kan wadda ta fi gudu a zahiri.

Abin da ba a cika tayar da maganarsa ba shi ne, duk ƙarfin motocin nan biyu da tsadarsu, ran injinsu a rataye yake a jikin wata igiyar roba mai haƙora, wadda faɗinta bai fi na yatsu biyu ba. Kanikawa suna kiranta taimin bel. Idan na Supra mai turbo irin wadda aka sayar a Amurka ya tsinke, inji zai mutu, a jawo mota zuwa gareji, a sa sabo, a ci gaba da tafiya. Idan kuwa na F355 ne ya tsinke, kafin direba ya ɗage ƙafarsa daga totur ɓarnar ta riga ta auku a cikin inji.

Wannan ne ya sa masu irin waɗannan motoci suka shekara da shekaru suna jayayya a kan tambaya ɗaya: yaushe za a canza shi? Motar da ba a fito da ita sai ranar hutu ko ranar baje koli, wadda kilomitarta ba ta taka kara ta karya ba, dole ne a kashe dubban daloli a kanta don kawai shekaru sun cika? Amsar da ta fi dacewa da hankali ita ce e. A motar da ba kasafai ake hawa ba, kalanda ce alƙali. Mitar kilomita ba ta da ta cewa, idon bakanike da manhajar waya kuwa iyakarsu su ce a canza da wuri, ba su da ikon ƙara wa bel wa'adi.

Aikin da bel ɗin yake yi

A cikin inji akwai sanduna biyu da dole su yi tafiya tare kamar makaɗi da marayi. Na ƙasa shi ne karanshaf, wanda fistin-fistin suke juyawa idan suna hawa da sauka. Na sama shi ne kamshaf, wanda yake buɗe bawul-bawul yana rufewa, domin iska da fetur su shiga, hayaƙi ya fita. Duk lokacin da karanshaf ya juya sau biyu, kamshaf zai juya sau ɗaya, ba ƙari ba ragi. Taimin bel ne yake haɗa su, haƙoransa kuma su suke hana shi zamewa.

A yawancin injunan da aka ƙera don gudu, fistin da bawul wuri ɗaya suke amfani da shi a cikin silinda, sai dai kowa da lokacinsa. Bawul ya leƙo, ya koma, sannan fistin ya iso. Injin F355 silinda 8 gare shi, kowace da bawul 5, jimilla 40, kuma yana iya kaiwa juyi 8,500 a minti ɗaya. A wannan gudun, karanshaf yana juyawa kusan sau 142 a daƙiƙa guda, kowane bawul yana buɗewa kusan sau 71. Da zarar bel ya tsinke ko ya zubar da haƙora, kamshaf zai tsaya cak, wasu bawul su tsaya a buɗe, fistin kuwa bai san an tsaya ba. Zai taho da ƙarfinsa ya daki bawul ya lanƙwasa shi. Idan abin ya zo da muni, fistin ya fashe, kan inji ya lalace. A injin Supra da aka ambata, an bar isasshen fili tsakaninsu, shi ya sa ko bel ya tsinke ba sa haɗuwa. Mazda MX-5 ta farko ma haka take. Honda NSX, da Porsche 944, da Nissan Skyline GT-R mai injin RB26, duk suna sahun F355.

Masu ƙera motoci ba don wauta suka rungumi roba ba. Tun daga motar Glas 1004 ta Jamus a 1962, da injin Fiat da Aurelio Lampredi ya zana a 1966, bel ya nuna bai kai sarƙa nauyi da ƙara ba, ba ya buƙatar baƙin mai, ga shi da arha. Sharaɗi ɗaya kawai ya zo da shi: yana da wa'adi.

Roba tana tsufa ko a ɗaki

Duk mai wayar salula ya san batir ba ya jiran a yi amfani da shi kafin ya tsufa. A ajiye sabuwar waya a durowa shekara biyar, ranar da aka ɗauko ta batirin ba zai yi aikin sabo ba. Roba ma haka take. Zafi, da iskar da ke zagaye da ita, da wucewar lokaci suna sa ta ƙandare ta rasa laushinta. Bel ɗin da aka yi shekarun baya da robar niyofirin ya fi saurin gajiya. Na zamani da ake yi da robar HNBR ya fi jure zafi, amma shi ma yana da iyaka.

Zaman da mota take yi wuri ɗaya yana ƙara nasa lahanin. Bel ɗin da ya yi watanni a naɗe a kan fule ɗaya yana ɗaukar lanƙwasar wurin. Boris ɗin da bel yake bi ta kansu, giris ɗinsu yana bushewa ko ya taru gefe guda, danshi ya shiga, tsatsa ta fara. Robobin da ke tare baƙin mai a bakin kamshaf su ma suna bushewa su fara yoyo, kuma ɗigon mai ko ruwan lagireto a jikin bel guba ne gare shi. Ke nan motar da ta yi shekara bakwai a lulluɓe cikin gareji tana iya fin wadda ake hawa kowane mako haɗari a wannan fannin.

Wani abin da ya kamata a fahimta shi ne yadda bel yake mutuwa. Mutane suna zaton rabewa gida biyu yake yi kamar tsohon fambel. Sau da yawa ba haka abin yake faruwa ba. Zaren gilashi da ke cikinsa yana da ƙarfi ƙwarai, don haka abin da aka fi gani shi ne haƙora su ɓalle daga gindinsu, ko boris ya cije ya ƙona bel ɗin, ko tenshina, wato abin da ke ɗame shi, ya saki, bel ya tsallake haƙori. Duk waɗannan suna iya faruwa alhali bayan bel ɗin sumul yake kamar jiya aka sa shi.

Lissafin kilomita kuwa mai sauƙi ne. Idan an ce a canza bel a kilomita 48,000, mai mota kuma kilomita 2,000 yake yi a shekara, sai ya shekara 24 kafin ya kai adadin. Babu injiniyan da ya zana bel yana nufin ya yi shekara 24 yana aiki. Shi ya sa kowace ƙa'ida take zuwa da adadi biyu, kilomita da shekara, tare da cewa duk wanda ya riga cika shi za a bi. A motar alfarma kusan kullum shekara ce take riga cika.

Abin da kamfanonin suka rubuta

Honda NSX ta farko, wadda aka ƙera daga 1990 zuwa 2005, kuma shahararren direban tsere Ayrton Senna ya taimaka wajen gwajinta, ƙa'idarta a Amurka mil 90,000 ce ko shekara 6. A na baya-bayan aka ɗaga zuwa mil 105,000 ko shekara 7, wato kimanin kilomita 169,000. NSX da yawa ba za su taɓa yin wannan tafiyar a cikin shekara 7 ba.

A ɓangaren Ferrari aka fi kai ruwa rana. An daɗe masu ita a Amurka suna tafiya a kan shekara 5 ko mil 30,000. A farkon shekarun 2000 kamfanin ya aika wa dilolinsa sanarwar da ta mayar da wa'adin shekara 3. Abin da ya sa wannan ya yi wa mutane ciwo shi ne yadda aka gina wasu motocin. A Ferrari 308 ana iya canza bel inji yana mazauninsa. A 348, da Testarossa, da F355, hanyar da kamfani ya tsara ita ce a sauke injin gaba ɗaya daga ƙarƙashin mota. Bel ɗin kansa kuɗinsa ba wani abu ba ne idan aka gwada da darajar motar. Ladan aiki na kwanaki, da sauran kayan da ake canzawa tunda an riga an sauke inji, su suke kai kuɗin dubban daloli. Ferrari da kanta ta gane nauyin, domin a 360 Modena ta 1999 ta buɗe wata kafa a bayan kujeru da ake isa ga bel ta nan, a F430 ta 2004 kuwa ta koma amfani da sarƙa.

Porsche ma tana da nata labarin. Bel ɗin 928 ya haura mita 2 a tsawo, yana zagaye fule da yawa har da na famfon ruwa, kuma na baya-bayan suna da fitilar da ke kamawa idan ɗamewarsa ta ragu. A 944, bayan an sa sabon bel, sai an koma gareji an sake ɗame shi idan ya yi 'yan dubban kilomita na farko.

Darasi ɗaya yana ɓoye a cikin waɗannan alƙaluma: littafin da ya zo da mota ba shi ne magana ta ƙarshe ba. Kamfani yana sauya ƙa'ida idan ya ga abin da ke faruwa a kan titi. Ko a motocin talakawa an gani. Injin PureTech 1.2 na Peugeot da Citroën, wanda bel ɗinsa a cikin baƙin mai yake gudu, an fara ba shi shekara 10, daga baya aka rage zuwa shekara 6 ko kilomita 100,000 saboda yadda yake marmashewa yana toshe hanyar mai. Mai motar da ya dogara da tsohon littafi kaɗai yana bin dokar da mai ita ya riga ya janye.

Hujjar masu jinkiri

Masu cewa an cika tsoro ba sakarkaru ba ne, kuma hujjojinsu sun cancanci a saurara. Ta farko ita ce, bel ɗin da ake sayarwa yau ya fi na shekarun 1980 inganci, kuma irin robar da ke yin shekara 7 a Honda ba dalilin da zai sa ta mutu a shekara 3 a Ferrari. Ta biyu, ga dilolin da ke cin riba da gajeren wa'adi, don haka dole a yi zargi. Ta uku ita ce mafi ƙarfi: duk lokacin da aka sauke inji ana buɗe ƙofar kuskure. Ana iya ɗame bel fiye da kima ya kashe boris, ana iya barinsa sako-sako, ana iya kuskure haƙori ɗaya, ana iya mayar da bututun fetur ba daidai ba a kusa da salansa mai zafi. Inji da yawa hannun mai gyara ne ya kashe su, tsufan bel bai kai ga kashe su ba. A cikin shekara 15, mai bin wa'adin shekara 3 zai sauke inji sau 5, mai bin shekara 5 sau 3. Bambancin kuɗi ne mai yawa, kuma bambancin haɗari ne.

Gaskiyar da ke cikin wannan magana ta isa ta sa a yarda cewa tsakanin shekara 3 da 5 akwai fili na shawara. Mai Ferrari da yake riƙe da rasit na aikin baya, ya san wanda ya yi shi, aka canza boris da tenshina a lokacin, yana hawa motar a kai a kai, kuma kowace shekara ƙwararre yana duba ko akwai yoyon mai, idan ya kai shekara 5 ba a ce ya yi ganganci ba. Kanikawa masu zaman kansu da yawa da suka ƙware a kan motar haka suke ba da shawara.

Inda hujjar take rushewa shi ne lokacin da aka miƙa ta zuwa shekara 8, 10, ko 12. A nan mai jinkiri yakan kawo labarin wani da bel ɗinsa ya yi shekara 15 lafiya lau. Labarin yana iya zama gaskiya, sai dai waɗanda nasu ya tsinke ba su cika fitowa suna shela ba, musamman idan suna shirin sayar da motar. Kuma ko da a ce yiwuwar tsinkewar kaɗan ce, abin da ke kan sikeli bai daidaita ba. A gefe ɗaya akwai kuɗin da aka sani, ana iya tara shi sannu a hankali, a zaɓi wata da garejin da ake so. A ɗaya gefen akwai kuɗin da ya ninka wancan sau da yawa, ya zo ba sallama, wataƙila a tsakiyar babban titi mota tana cikin gudu.

Ƙarancin motar yana ƙara wa wannan gefen nauyi. F355 kimanin 11,000 kawai aka ƙera a duniya daga 1994 zuwa 1999. Kan injin Corolla ana samunsa a kowace kasuwar kayan gyara. Kan injin mota irin wannan sai an yi cigiya ƙasa-ƙasa, a jira watanni. Ko an samu, masu tara tsofaffin motoci suna daraja wadda lambar injinta ta dace da wadda ta fito da ita daga masana'anta. Motar da aka yi wa dashen wani inji ta rasa wani abu da kuɗi ba sa mayarwa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, wanda kuma ya sayi motar da sai an sauke injinta kafin a canza bel, ya sayi wannan hidimar tare da ita.

Inda waya take taimakawa, da inda ba ta iyawa

Matasa da yawa yanzu suna da 'yar na'urar OBD2 da ake sokawa a ƙarƙashin sitiyari, ta haɗu da waya ta Bluetooth, manhaja irin su Torque ta karanto matsalolin mota. Na'ura ce mai amfani, amma a wannan batun makauniya ce. Babu wani firikwensin da ke auna tsufan roba. Lambar matsala irin P0016, mai nuna karanshaf da kamshaf sun saɓa, tana fitowa ne bayan bel ya riga ya tsallake haƙori. Ga shi kuma sai daga 1996 aka wajabta tsarin OBD2 a Amurka, don haka motocin da suka girmi wannan shekarar yawanci ba su ma da wurin soka ta.

Akwai kuma 'yar kyamara mai dogon wuya da ake haɗawa da waya, a zura ta bayan murfin bel. Tana iya nuna tsagewa, ko ƙyallin da ke nuna roba ta ƙone, ko jiƙewar mai, ko garin roba da ya taru a ƙasa. Idan aka ga ɗaya daga cikinsu, magana ta ƙare, kada a sake tayar da motar. Idan ba a ga komai ba, abin da aka sani kawai shi ne ba a ga komai ba. Kyamara ba ta ganin zaren ciki, ba ta ganin gindin kowane haƙori, ba ta jin ko boris ya fara gurnani.

Wurin da waya ta yi abin burgewa shi ne auna ɗamewa. Bel kamar tsirkiyar garaya yake, idan aka taɓa shi yana ba da amo, kuma amon yana hawa gwargwadon yadda aka ɗame shi. Wasu kamfanonin motoci da babura, irin su Ferrari da Ducati, da ma'aunin amo suke bayyana ɗamewar da ake so. Akwai manhajojin da ke amfani da makirfon waya su auna wannan, har kamfanonin bel irin su Continental sun fitar da nasu. Wannan yana taimaka wa mai ɗaurawa, amma bel mai shekara 10 yana iya ba da amo daidai yau, gobe ya zubar da haƙora.

Babban aikin da waya za ta yi wa mai mota ya fi duk waɗannan sauƙi: ta ɗauki hoton rasit, da hoton mitar kilomita ranar da aka yi aikin, da hoton kwalin kayan da aka sa, ta ajiye su a inda ba za su ɓata ba, sannan ta saka tunatarwa a kalanda.

Bel ɗin da ba shi da takarda

Wanda ya saba leƙa shafukan gwanjon motoci irin su Bring a Trailer zai lura cewa idan aka kawo Ferrari mai bel, cikin tambayoyin farko har da ranar da aka canza shi, da wanda ya yi, da ko akwai rasit. Masu saye suna cire kuɗin aikin daga tayinsu idan ba a nuna takarda ba. Wannan ita ce ƙa'idar da ta dace da kowa: bel ɗin da ba shi da takarda, a ɗauka wa'adinsa ya wuce. Maganar mai sayarwa cewa bai daɗe da canzawa ba, ba hujja ba ce, domin a bakin mai neman ciniki shekara shida ma kwanan nan ce.

Ko takardar ma sai an karanta ta da kyau. Idan bel kaɗai aka canza aka bar tsofaffin boris, an yi rabin aiki. Aikin da ya cika ya haɗa da boris, da tenshina, da robobin tare mai idan sun fara jiƙewa, da famfon ruwa a injunan da bel ɗin ne yake juya shi. Sannan a tambayi asalin kayan. Bel ɗin da ya shekara goma a kan kanta ya riga ya ci wani ɓangare na rayuwarsa tun ba a ɗaura shi ba, kuma kasuwannin intanet cike suke da jabun kaya a cikin kwalaye masu kama da na Gates ko Aisin. A nan araha ba ta ado.

Zafin ƙasa ma yana cikin lissafi

Ƙa'idojin da aka ambata an rubuta su ne da yanayin Turai, Amurka da Japan a zuciya. Honda ta faɗa a littattafan motocinta cewa wanda yake yawan tuƙi a zafin da ya haura digiri 43 ya canza bel a mil 60,000, wato wajen kilomita 100,000, maimakon mil 105,000. Motocin alfarma da ke zaune a Dubai ko Riyadh wannan sharaɗin ya hau kansu, haka ma duk wadda aka kawo inda bazara take kai wa wannan mataki, kamar Sakkwato, Maiduguri ko Yamai. Ƙura kuma tana shiga tsakanin haƙora da fule tana cin su kamar sanfefa.

Mai karatun da bai taɓa ganin F355 ido da ido ba, shi ma maganar ta shafe shi ta wata fuskar. Peugeot 406 bel take amfani da shi, kuma idan ya tsinke bawul suna lanƙwashewa. Honda Accord mai silinda 6 ita ma haka, alhali mai silinda 4 daga 2003 sarƙa gare ta. Camry mai injin 2.2 ta ƙarshen shekarun 1990 bel ne, amma tana cikin masu sa'ar da injinsu ba ya lalacewa idan ya tsinke. Motocin da ake shigowa da su na hannu yawanci ba sa zuwa da tarihin gyara, kuma sanannen abu ne cewa ana mayar da mitar kilomita baya kafin a sayar. Wanda ya sayi irin wannan mota yana tsaye ne daidai inda mai sayen tsohuwar Ferrari marar rasit yake tsaye, sai dai nasa aikin na yini ɗaya ne, kuɗinsa kuma bai kai ya hana barci ba.

Yadda za a yanke hukunci

Mataki na farko shi ne a san irin injin. Idan fistin da bawul ba sa haɗuwa, jinkiri zai jawo wahalar tsayawa a hanya ne kawai, mai mota yana da 'yancin ɗaukar wannan kasadar. Idan suna haɗuwa, babu wasa. Na biyu, a nemo ƙa'idar kamfani ta baya-bayan nan, a duba shekara kafin a duba kilomita. Na uku, a ƙirga daga ranar da ke rubuce a rasit, idan babu rasit a ɗauka lokaci ya yi. Na huɗu, duk abin da ya saɓa wa al'ada, kamar yoyon mai, dogon zama ba tare da an tayar da mota ba, ko tsananin zafi, rage wa'adi yake yi. Na biyar, a kai aikin wurin wanda ya saba da wannan injin musamman, ko da layinsa ya fi tsawo, domin canzawa a kan lokaci a hannun wanda bai iya ba, gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Mai motar da ya ga kuɗin aikin ya yi masa nauyi bana yana da mafita mai mutunci: ya ajiye makulli har sai ya tara. Motar da ke tsaye da tsohon bel ba ta yi asarar komai ba tukuna. Haɗarin yana farawa ne daga lokacin da aka murɗa makulli, domin ko a wajen tayar da inji mai sanyi tsohon haƙori yana iya ɓallewa. Idan kuwa duk bayan shekara uku ko biyar sai an shiga wannan zullumi, to alama ce da ke nuna motar ta fi ƙarfin aljihun mai ita, kuma sayar da ita da lafiyayyen inji ya fi sayar da ita a kan motar ja.